Tarihin Noman Kan Dutse a Mandara da Ƙasar Kofyar

Matafiyin da ya taso daga Maiduguri ya bi ta Bama ya nufi Mubi, da zarar ya kai Pulka zai ga duwatsu sun taso masa ta hannun hagu, kuma ba za su rabu da shi ba har ya wuce Gwoza da Madagali da Michika. Waɗannan su ne duwatsun Mandara, waɗanda suka miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, tun daga kusa da kogin Binuwai a kudu har zuwa wajen Mora a arewa. Ƙololuwarsu mafi tsawo, wadda ke ɓangaren Kamaru, ta kai mita 1,494. Idan rani ne, abin da ido zai fara gani shi ne manyan duwatsu, wani bisa wani, kamar ba abin da zai tsiro a tsakaninsu sai ƙaya. Sai an matsa kusa, ko kuwa an bi hanyar da damina, sa'an nan za a lura cewa jikin dutsen duk a jere yake da katangu, tun daga gindi har ƙoli, hawa-hawa kamar matakalar bene, kuma kowane hawa gona ce da dawa a tsaye a kanta.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin irin wannan noma a wurare biyu, watau duwatsun Mandara da kuma ƙasar Kofyar, wadda ke gefen kudu na tsaunukan Jos. Abin da tarihin wuraren biyu ya nuna shi ne, ƙasar noma a kan dutse hannun ɗan Adam ne ya tara ta, hannu ne kuma ke riƙe da ita kowace shekara. Saboda haka yawan jama'a, wanda galibi ake ɗora wa laifin zaizayar ƙasa, shi ne ya tsare ta a can. Hukumomin da suka yi mulkin waɗannan wurare sun daɗe ba su fahimci haka ba, kuma rashin fahimtar ya shiga cikin dokoki da tsare-tsaren da suka yi.

Yadda aka tara ƙasar

Ruwan sama da ke sauka a Mandara ba kaɗan ba ne. Yakan kai tsakanin milimita 800 zuwa 1,100 a shekara, amma cikin wata biyar kawai, kuma yawancinsa kamar da bakin ƙwarya yake zuba. Ƙasar da ke samuwa daga ruɓewar irin wannan dutse kuwa tsakuwa ce da rairayi, mara kauri, mara maiƙo. Idan aka sassabe gangare aka bar shi haka, damina kaɗan sun isa su wanke shi har a ga ƙashin dutse. Matsalar manomin dutse ke nan tun farko: yana da ruwa, amma ruwan ɓarawon ƙasarsa ne.

Maganin da aka yi wa wannan shi ne katanga. Ana tsince duwatsun da ke cikin gonar a jera su a gicciye, bisa kwanciyar gangaren, manya a ƙasa, ƙanana a cike gurabe, ba tare da laka ko wani abin ɗauri ba. Ƙasar da ruwa ya kwaso daga sama sai ta tsaya a bayan katangar, shekara da shekaru, har ta cika ta kwanta ta zama dakali. Inda gangaren ke da sauƙi katangar ba ta wuce gwiwa, dakalin kuma ya yi faɗi. Inda ya miƙe tsaye kuwa takan yi tsawo, dakalin ya tsuke, har wani bai fi ɗaukar layi biyu na dawa ba. Rashin sa laka ɗin ma da gangan ne. Katangar da aka toshe ta ruf, nauyin ruwan da ya taru a bayanta zai ture ta, amma wadda aka bar mata ƙofofi ruwa ke tsiyaya ta cikinta a hankali, ƙasa kuwa ta tsaya. Ruwan da aka hana shi gudu nutsewa yake yi, ya ba shuka laima a kwanakin da sama ta ɗauke, ragowarsa kuma ya gangara ta ƙarƙashi ya ciyar da rijiyoyi da ƙoramu bayan damina ta wuce.

Sai dai katanga tsare ƙasa kawai take yi, ba ta ƙara mata ƙarfi. Manomin fili idan gonarsa ta gaji yakan bar ta ta yi saura, ya sari sabon daji. Na dutse ba shi da inda zai matsa, tilas gonar bara ita ce ta bana, ita ce kuma ta baɗi. Don haka duk abin da zai iya zama taki ba ya barinsa ya salwanta. Sharar gida da toka da ƙaiƙayi da kashin awaki duk gona suke komawa. Da damina awaki da tumaki a tsare suke, ana yanko musu ciyawa, domin kada su yi ɓarna, kuma domin kashinsu ya taru wuri guda. Babban misali shi ne kiwon sa. A wajen Mafa, waɗanda ke zaune a duwatsun Mokolo, maigida yakan sa ɗan maraƙi cikin wani ɗaki mai zurfi a tsakiyar gida, ya yi masa kiwon turka har ya zama bijimi, ba ya fita sai ranar wani babban biki da suke kira maray, inda ake yanka shi. Baƙon da ya ga wannan zai ɗauke shi sha'anin al'ada kurum, kuma lalle al'ada ce mai girma a wurinsu. Amma duk tsawon zaman da san nan ya yi a ɗaki, ciyawar da aka yanko daga wuraren da ba su nomuwa ita ce ke zama taki a ƙarƙashinsa, a kwashe a kai dakali. Mutanen Sukur ma suna da irin wannan ɗakin sa na ƙarƙashin ƙasa.

Itatuwa ma ba a bar su kara zube ba. Ana barin gawo a cikin gona saboda dalilin da kowane manomin ƙasar Hausa ya sani, watau yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi albarka. Ana renon magarya ana sassake ta domin ta ba da sanduna miƙaƙƙu na rufin ɗaki, ana barin maɗaci domin man 'ya'yansa, da tsamiya domin kunu. Sa'an nan akwai juya shuka. A ƙasar Mafa shekara guda ta dawa ce, mai bi mata ta gero ce da wake, kuma dukan dutsen tare yake juyawa, ba kowa da ra'ayinsa ba. Amfanin yin haka tare a bayyane yake, domin ƙwarin da suka saba da dawa ba za su tsallaka gonar maƙwabci su jira shekara mai zuwa ba. A tsakankanin waɗannan kuma ana cusa tamba da riɗi da gujiya da yakuwa da kuɓewa, kowanne a gurbin da ya dace da shi.

Da wannan tsari ne wasu sassan Mandara suka ɗauki mutum fiye da 100 a kowace murabba'in kilomita, wasu wuraren ma fiye da 200, a kan ƙasar da ba ta taɓa hutawa. A duk faɗin ƙasashen da ke kudu da Sahara masu irin wannan damina, wurare kaɗan ne suka yi haka. Ɗaya daga cikinsu shi ne karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jakai ke shiga birni da itace su fito da mangalar taki, kamar yadda Michael Mortimore ya bayyana a bincikensa na shekarun 1960. Bakano da Bamafe ba su koyi wannan daga juna ba. Ƙarancin fili ne ya koya wa kowannensu.

Abu guda da ya kamata a riƙe shi ne, aikin katanga ba ya ƙarewa. Kowace damina sai ta kwance wasu duwatsu, dabbobi su ture wasu da rani. Kafin ruwan shuka ya sauka, sai kowane gida ya bi dakalansa ɗaya bayan ɗaya ya mayar da abin da ya zube, ya kwaso ƙasar da ta gangara ya mayar sama. Idan aka bar ɓaraka guda, ruwan duk dakalin nan ta wurin zai bi, ya faɗa wa na ƙasa da ƙarfin da bai saba ɗauka ba, shi ma ya fashe, har abin ya zama kwazazzabo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa, kuma a kan dutse tsagewar katangar mutum guda asarar duk wanda ke ƙasa da shi ce.

Abin da ya kai mutane kan dutse

Amsar da aka saba bayarwa ita ce tsoro, kuma akwai gaskiya a cikinta. Filayen da ke kewaye da Mandara sun daɗe a hannun dauloli masu dawaki: Barno daga arewa, daular Wandala wadda ta yi hedkwata a Kerawa da Dulo da Mora, sa'an nan daga farkon ƙarni na 19 sarakunan Fulani na Adamawa. Dukansu sun ɗauki mazauna duwatsun a matsayin rumbun bayi. Manjo Denham, Baturen Ingila da ya iso Kukawa a 1823, ya bi wata runduna ta Barebari da Larabawa zuwa Mora a wannan shekara, kuma neman bayi ne ya fitar da ita. Abin bai tsaya da zuwan Turawa ba. Hamman Yaji, wanda ya yi sarautar Madagali daga 1902 har Ingilishi suka tuɓe shi a 1927, ya bar littafin da ake rubuta masa al'amuran yau da kullum daga 1912, kuma a ciki an jera hare-haren da mayaƙansa suka kai wa ƙauyukan dutse, har da Sukur, da adadin mutane da shanun da aka kamo. An buga fassarar littafin da Turanci a 1995. Doki ba ya hawa matakalar dutse, don haka wanda ke da gona da rumbu a ƙoli ya fi wanda ke fili kwanciyar hankali.

Amma tsoro kaɗai bai isa ya bayyana abin da ake gani ba. A ɓangaren Kamaru akwai kufai na manyan gine-ginen dutse, masu dakalai da matakalai da lunguna, waɗanda Mafa ke kira Diy-Gid-Biy, kuma binciken masu haƙar tarihi ya nuna an yi su ɗaruruwan shekaru kafin jihadi, wasunsu a wajen ƙarni na 15. Waɗanda suka yi irin wannan gini ba 'yan gudun hijira ba ne da suka iso jiya. Haka kuma Sukur, wadda ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,000 a yankin Madagali, ba maɓoya ba ce kurum. Gari ne mai sarki, wanda ake kira Hidi, da fada ta dutse, da hanyoyi shimfiɗaɗɗu da duwatsu da suka gangaro har fili. Arzikinta tama ce. Mutanenta suna tace baƙin rairayin ƙarfe daga ƙoramu, su narka shi da gawayi, fatake kuma su zo daga filayen Barno su saya. Watau fartanyar da manomin fili ke noma da ita, sau da yawa ƙarfenta daga dutse ya sauko. Wannan sana'a ba ta mutu ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 20, sa'ad da ƙarfen Turawa da tarkacen motoci suka cika kasuwa.

Akwai wani abin lura ga ɗalibin harshe. Takardun En'e da na Turawa sun haɗa waɗannan al'ummu duka ƙarƙashin suna guda na raini, a Nijeriya arna, a Kamaru kirdi, kamar ba su da wata dangantaka da mutanen fili. Alhali kuwa harsunan Mafa da Margi da Kamwe da Glavda da Lamang da Sukur duk 'yan gidan Cadi ne, gidan da Hausa ta fito. Harshen Kofyar ma, wanda za a zo kansa, ya fi su kusa da Hausa, domin reshe guda suke, na yamma.

Sauko da mutane

Jamusawa ne suka fara mallakar yawancin Mandara daga 1902. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba yankin tsakanin Faransa da Ingila, kuma ɓangaren Ingila bai zama Nijeriya sosai ba sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, inda ya zama Lardin Sardauna. Duk da bambancin tutoci, ra'ayin masu mulki guda ne: mutumin da ke kan dutse yana da wuyar ƙirgawa, da wuyar karɓar haraji, da wuyar kamawa idan ya yi laifi, kuma ba ya noman gyaɗa da auduga da ake bukata a tashar jirgi. Ingilishi sun sa wasu gundumomin dutse, har da na Gwoza, cikin jerin waɗanda suka ce ba su natsu ba, aka taƙaita shiga cikinsu. A shekarun 1950 aka fito da shirin sake tsugunar da mutanen duwatsun Gwoza a fili. A Kamaru kuwa, a farkon shekarun 1960, bayan samun mulkin kai, hukuma ta tilasta wa ƙauyuka da dama na wajen Mora su sauko gindin dutse.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk wanda ya sauko ne aka kora ba. Zaman dutse yana da wahala. Da bazara mata sukan yi tafiya mai nisa neman ruwa, gadon gona yana tsukewa idan 'ya'ya sun yi yawa, kuma farin dango da suka auka wa yankin a farkon shekarun 1930 sun jawo yunwar da ta kori mutane da yawa zuwa fili. Da hare-hare suka ƙare, kasuwa da makaranta da asibiti duk a ƙasa suke. Laifin hukuma shi ne ba ta taɓa sa asarar dakalan a cikin lissafinta ba.

Abin mamaki kuwa shi ne, a daidai wannan zamani babu abin da ya dami ma'aikatan gona na mulkin mallaka kamar zaizayar ƙasa. Guguwar ƙura da ta lalata gonakin tsakiyar Amurka a shekarun 1930 ta tsorata su ƙwarai. A Kenya aka riƙa tilasta wa talakawa, galibi mata, aikin haƙa dakalai a gonaki, har abin ya zama ɗaya daga cikin koke-koken da suka hura wutar siyasa a shekarun 1940. A duwatsun Uluguru na Tanganyika irin wannan tilas ta jawo tarzoma a 1955. Watau daula guda tana dukan wasu domin su gina dakali a gabashin Afirka, tana kuma lallashin waɗanda suka gaji gina shi tun kaka da kakanni su bar nasu a yammacinta. Ba a rasa masu ido a cikinsu ba. Stanhope White, wani jami'in mulki da ya yi aiki a masarautar Dikwa, ya rubuta maƙala a 1941 inda ya nuna cewa kusan duk dabarun da ma'aikatun gona ke fama su koya wa manoman Afirka, mutanen duwatsun nan sun riga sun daɗe suna yin su. Maƙalar ba ta sauya manufa ba.

Kofyar: hawa da sauka

Labarin Kofyar ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne aka bi al'umma guda shekaru da dama ana rubuta abin da take yi, a kan dutse da kuma bayan ta sauka. Kofyar suna zaune ne a inda tsaunukan Jos suka yanke suka faɗa kwarin Binuwai, arewa maso yamma da Shendam, a Jihar Filato ta yanzu. Turawa sun iso su a 1909. A 1930 aka kashe wani matashin Baturen mulki mai suna Barlow da jifan dutse a ƙauyen Latok. Hukuncin da ya biyo baya shi ne, aka kori mutanen Latok da na ƙauyukan da ke kusa daga duwatsunsu, aka tilasta musu zaman fili har shekara tara. Hukuma da kanta ta san cewa raba manomin dutse da dakalansa horo ne.

Robert Netting, wani masani Ba'amurke, ya zauna a cikinsu daga 1960, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1968. Abin da ya tarar ya yi kama da na Mandara, ko da yake damina ta fi yawa a nan. Kowane gida a tsakiyar gonarsa yake, ba a cure a gari ba, kuma gonar ƙofar gida ita ce ake nomawa kowace shekara. A bakin gida akwai wani zagayayyen garke na dutse inda awaki ke yin damina. Kullum ana zuba musu ciyawa da ganye, abin da suka ci suka rage su tattake shi da kashi da fitsari, kafin shekara ta zagayo ya zama tulin taki, a kwashe a baza a gona. Ban da dakalan dutse, suna da wata irin huɗa da ake ɗaure kunyoyi a gicciye, gonar ta zama ɗaki-ɗaki kamar fangalin lambu, kowane ɗaki ya riƙe ruwan da ya sauka a cikinsa har ya nutse. Ana shuka gero mai saurin nuna tare da dawa da wake, ana yin acca da gyaɗa a gonakin nesa, ga kuma itatuwan kwakwar manja da atili a kewayen gida. Netting ya lura cewa gidajensu ƙanana ne, galibi miji da mata da 'ya'ya, domin ƙaramar gona mai bukatar kulawa ba ta son taron gandu.

Daga shekarun 1950 sai Kofyar suka fara gangarawa da kansu zuwa dajin da ke kudu, wajen Namu, inda fili yake a yalwace. Da farko zuwa suke yi su yi noma su koma gida, daga baya suka tare. Abin da suka yi a can shi ne ya fi jan hankalin masana. Mutanen nan da aka sani da taki da katanga, da suka sami daji, sai suka ajiye duka. Suka sassabe, suka ƙone, suka shuka, gona ta gaji suka matsa gaba, daidai yadda kowane manomin daji yake yi. Gidaje suka ƙara girma, aka ƙara aure, domin yanzu hannu ne ya yi ƙaranci, fili kuwa ga shi nan. Suka rungumi doya da shinkafa da gero na sayarwa, manyan motoci suka riƙa shigowa har gona. Manyan ayyuka kuma da gayya ake yin su, wadda ake sallamar mahalartanta da giyar gero.

Netting ya komo a shekarun 1980 tare da Glenn Stone da Priscilla Stone, suka tarar dajin ya cika. Da fili ya fara tsukewa, sai ga tsofaffin dabaru suna dawowa: an rage barin saura, an koma cakuɗa amfani iri-iri a kunya guda ana girbe wani ana dasa wani, an koma tsare dabbobi da kai taki, an kuma ƙara da takin zamani ga mai hali. Wannan ya zo daidai da ra'ayin Ester Boserup, masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Denmak, wadda ta yi bayani a littafinta na 1965 cewa manomi ba ya ɗaukar noma mai cin aiki sai ƙarancin fili ya matsa masa, domin ya san wahalarsa. Ashe ke nan taki da katanga ba ɗabi'a ba ce da aka haifi Kofyar da ita, kuma barinsu ba lalaci ba ne. Lissafi ne na mutumin da ya san abin da kwana guda na aikinsa zai ba shi a nan, da abin da zai ba shi a can.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai abin dubawa a nan. A 1948 hukuma ta buɗe nata shirin tsugunarwa a yankin Shendam, da ma'aikata da dokokin yadda za a yi noma da kuɗin baitulmali. Ƙaurar Kofyar kuwa ba wanda ya tsara ta, ba wanda ya ba su rance ko ya auna musu gona, amma ita ce ta mayar da dajin Namu wurin da ake lodin doya zuwa birane. Abin da suka amfana da shi daga hukuma shi ne zaman lafiya da hanya da kasuwa. Sai dai abin yana da farashi, kuma dutse ne ya biya. Ƙauyukan ƙoli suka rage daga tsofaffi sai 'yan kaɗan da aka bari su riƙe gidan gado, garken awaki ya zama kango, gonakin da suka fi nisa da gida suka koma daji. Inda ciyawa da itace suka yi saurin rufe dakalin, ƙasar takan tsira. Inda gangaren ya yi tsaye kuwa, ga kuma wutar daji da kiwo, katanga kan zube kafin saiwa ta kama.

Halin da aka shiga daga baya

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma ita ce ta farko a Nijeriya da ta sami wannan matsayi. Cikin abubuwan da aka ambata a dalilan zaɓenta har da dakalan gonakinta, tare da fadar Hidi da hanyoyin dutse da kufan maƙera. A 2025 aka ƙara da kufan Diy-Gid-Biy na Kamaru. Gonakin da aka taɓa ɗauka alamar ci-baya sun zama abin da ƙasashe biyu ke alfahari da shi a gaban duniya.

Tsakanin waɗannan shekaru biyu ne kuma yankin ya ga tashin hankalin da bai ga irinsa ba tun zamanin Hamman Yaji. 'Yan Boko Haram sun kama Gwoza a watan Agusta na 2014, suka riƙe ta har sojoji suka ƙwato ta a watan Maris na 2015, kuma a ƙarshen 2014 sun kai hari Sukur kanta suka ƙone gidaje. A wannan karon dutsen bai ba da mafaka ba, domin masu harin da ƙafa da bindiga suka zo, har ma suka mayar da wasu duwatsun Gwoza maɓoyarsu. Dubban manoman dutse suka watse zuwa Maiduguri da Yola da Abuja, wasu kuma suka tsallaka zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013. Ƙauyukan da suka bari sun yi damina bayan damina ba wanda ya bi katangunsu kafin ruwan shuka, kuma yaran da aka haifa a sansani sun tasa ba su taɓa ɗora dutse bisa dutse a gonar ubanninsu ba.